Hoton da Hambali Mai Guga Ya Ƙi Karɓa

A Gangara, idan ka ce Hambali sai an tambaye ka wanne. Idan kuwa ka ce Mai Guga, ko Bafillatanin da ya sauka jiya zai nuna maka rumfar, can gefen kasuwa wajen masu igiyar kaba, ƙarƙashin wata tsohuwar aduwa. Nan yake zama da fatun akuya da na shanu, yana ɗinka guga da wasaki, babban gugan nan da takarkari ke ja. Rijiyoyin ƙasar suna da zurfi, gugan da ba a ɗinka da kyau ba kafin ya iso baki rabin ruwan ya koma inda ya fito. Na Hambali ba ya yoyo. Abin da aka san shi da shi ke nan, sai kuma taurin kai.

Kakansa daga ƙasar Katsina ya hauro, shekarun da haraji ya yi wa mutane nauyi, ya sari daji ya kafa gida. Ubansa noma kaɗai ya sani. Ɗinkin fata wajen kawunsa Hambali ya koya, taurin kan kuwa ba a san inda ya samo shi ba. Mutum ne da in ya faɗi magana gaban mutane, ko ya gane daga baya kuskure ce, gara ya kwana da ita da ya janye.

Ya auri Shatu, 'yar garin Gazawa, daga gidan masu shuka duma. Ta zo da sana'arta ta zanen ƙwarya. Takan sa ƙarfe a garwashi ya yi ja, ta bi bayan ƙwarya da shi tana fitar da ratsi da ɗigo da ƙafar kaza, hayaƙi na tashi siriri. Matan Fulani har gida suke biyo ta, su zaɓi wadda suke so, suna kiranta tummude da harshensu. Ba ita kaɗai take aikin ba. Maƙwabciyarsu Maijidda, matar Dogo mai jakai, kullum bayan an sauke tukunyar rana takan ratso ta ɓarakar zana, su zauna gindin rumbu suna zane suna hira har la'asar.

A ranin shekarar 1958 wata anasara ta sauka garin, da akwatin ɗaukar hoto rataye a wuya da wani tafinta ɗan Tasawa mai suna Ɗanmalam. An ce daga Faransa aka turo ta ta ga yadda mutane ke aikin hannu, ta ɗauka ta rubuta. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sai kalma biyu da take faɗi duk lokacin da za ta danna akwatin: tsaya haka. Kafin sati ya zagayo garin duka Tsaya-haka yake kiranta. Da yake mace ce, tana shiga gidaje ba shamaki. Ta ɗauki masu kaɗi da masu saƙar faifai da masu ginin tukunya, har ta ji labarin masu ƙwarya.

Shatu ta sami mijinta yana jiƙa fata a bakin randa, ta ce, "Maigida, baƙuwar nan tana so ta zo gobe ta ɗauki aikinmu ni da Maijidda."

Bai ɗago ba ya ce, "Aikinku ne. In ba ta hana ku tuwo ba, ta zo."

Washegari ya tafi wata ruga kai wasaki, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Bai ga zuwanta ba, bai kuma tambayi yadda aka yi ba.

Damina ta zo, ta zo da ƙuri'ar nan ta i ko a'a, wadda aka tambayi mutane ko su zauna tare da Faransa ko su rabu da ita nan take. Wan Hambali, Iro, ɗan a'a ne na gaba-gaba, shi ke bin ƙauyuka yana yi wa mutane bayani, Hambali kuwa inda Iro ya sa ƙafa nan yake sawa. Da aka ƙirga aka ce i ta ci. Iro ya ga zaman ba zai yi masa daɗi ba, ya kwashe iyalinsa ya tsallaka iyaka wajen dangin kakansu, bai sake zama Gangara ba. Abin ya tsaya wa Hambali a rai. Duk wani abu mai warin Faransa ya zama abokin gabarsa, har sigarin da ake sayarwa a kanti.

Ana cikin haka, bayan an gama ɗaurin gero, Tsaya-haka ta dawo ranar kasuwa da jaka cike da hotuna, tana bin waɗanda ta ɗauka tana ba kowa nasa. Ɗanmalam ya kawo ta rumfar Hambali, inda maza suka taru suna jiran a gama musu gyara. Ta zaro wata takarda mai sheƙi ta miƙo da hannu biyu. Ɗanmalam ya ce, "Na iyalinka ne. Ta ce shi ya fi duka kyau, fuskarta ce sosai, ita kaɗai."

Hambali ya ci gaba da huda fata da basilla. Ya ce, "Ce mata hannuna da mai."

"To in ajiye maka nan bisa tabarma?"

"Ce mata mu 'yan a'a ne. Abin da muka faɗa da damina shi muke faɗa da kaka."

Maza suka bushe da dariya, wani ya buga cinya ya ce namiji ke nan. Ɗanmalam ya sunkuyo ya rage murya. "Haba Hambali. Hoton matarka ne fa, ba takardar haraji ba."

Da su biyu ne kawai, ƙila da ya karɓa. Amma an riga an yi dariya, an riga an ce namiji. Ko kallon takardar bai yi ba. Baƙuwar ta tsaya jim, ta mayar da ita jaka. Dogo na zaune a wurin, da aka miƙo masa na Maijidda shi ma ya girgiza kai, don kar a ce ya fi Hambali laushi. Kafin azahar motarsu ta kama hanyar Tasawa, ba a sake ganin matar ba.

Labari ya riga shi isa gida. Shatu tana da tsohon ciki a lokacin, tana zaune tana tsince wake. Ba ta yi faɗa ba. Sai da ta kawo masa ruwa ta ce, "Na so in ga yadda nake."

Ya ce, "Ba ki da madubi?"

Ta ce, "Madubi ba ya ajiye mutum." Ta koma kan wakenta.

Ta haihu ranar Laraba, mace. Aka sa mata sunan mahaifiyar Hambali, shi ya sa shi Uwata yake ce mata, sauran gari kuwa Larai. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, aka sauke tutar Faransa a Tasawa aka ɗaga ta Nijar, makaɗa suka kwana biyu ba su huta ba. Hambali ya je kallo, ya dawo yana cewa ai ga a'ar tasu ta zo da ƙafarta. A bazarar da ta biyo sanƙarau ya shigo ƙasar. Shatu ta tashi da ciwon kai wata safiya, wuya ya ƙage, kafin a gama shawarar ɗora ta bisa amalanke zuwa likita rai ya yi halinsa. Larai ko yaye ba ta daɗe da yi ba.

Hambali ya yi haƙuri irin na maza, wato ya yi shiru. Daga baya ya auri Balkisu, wata bazawara mai sanyin hali, ta riƙe Larai kamar ita ta haife ta. Ƙoren da Shatu ta bari ba ta gama ba aka ba Maijidda, ita kuwa ba ta sake taɓa ƙarfen zane ba, ta ce aikin na mutum biyu ne.

Da aka buɗe lakol, wato makarantar boko, a garin, Larai na cikin 'yan matan farko da aka ɗauka. Hambali bai yi gardama ba, tun da yanzu lakol ɗin ta ƙasa ce. Tana aji uku wani mai hoto ya zo daga Maraɗi ya kafa baƙin ƙyalle a kasuwa yana ɗaukar manya don katin ɗan ƙasa. Yara suka yini suna leƙen hotunan da aka shanya, suna cewa wane da ubansa kamar an tsaga kara. Da yamma Larai ta zo rumfa ta tsuguna tana wasa da guntayen fata.

Ta ce, "Baba, ni da wa nake kama?"

Ya ce, "Da uwarki mana."

"Ita yaya take?"

Ya buɗe baki ya ba ta amsa, ya rufe ido don ya kalli Shatu ya kwatanta, sai ya tarar babu kowa a wurin. Yana jin muryarta. Yana ganin yadda take tafiya da tulu, da hayaƙin ƙwarya a kanta. Amma fuskar ta zama kamar sawu a rairayi bayan garke ya wuce. Ya yi ta lalube, idon Balkisu ke zuwa, ko hancin ƙanwarsa. Ya ce wa yarinyar, "Tashi ki kai wa innarki wannan igiyar." Ita ta tafi, shi kuwa ya zauna da basilla a hannu har aka kira magariba bai huda komai ba.

Ran kasuwar Tasawa ya je ya nemi Ɗanmalam, wanda yanzu yake aiki a wani buro, wato ofis, ya yi tumbi. Ɗanmalam bai tuna masa da hoton da ya ƙi karɓa a rumfa ba, Allah ya saka masa. Da Hambali ya tambayi labarin Tsaya-haka da hoton, ya ce sunanta Madam Bokalan, kuma tun tafiyarta bai sake jin ɗuriyarta ba. "Amma irinsu duk abin da suka ɗauka sai sun buga shi a littafi. Akwai wani gida a Yamai na masu bincike, da ɗakin littattafai a ciki. In yana wani wuri a ƙasar nan, to yana can."

Hambali bai taɓa wuce Maraɗi ba. Ya jira har aikin rani ya lafa, ya share gona, ya ce wa Balkisu zai je sayen fata. Larai ta ce za ta bi shi, ya ce ba a barin lakol don yawon mota. Ya hau bayan wata kamiyo, babbar mota mai ɗauke da buhunan gyaɗa, suka bi ta Gidan Rumji da Ƙonni da Doso, rana na dafa su bisa buhu. A Yamai ya sauka wajen wani ɗan garinsu mai sayar da tabarmi, shi ya raka shi har ƙofar gidan masu binciken.

Ɗaki ne mai tsawo, da fanka a sama, da warin tsohuwar takarda. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ko da yake ba wanda ya tuɓe. Bayan tebur wani saurayi ne siriri da tabarau. Da ya ji gaisuwar Hambali sai ya saki Faransanci ya ce, "Baba, daga ina ka hito?" Bagobiri ne ɗan Gidan Sori, sunansa Shu'aibu, shi ke kula da littattafan. Da ya ji Gangara sai ya jawo kujera, ya ce ashe yau bawansa ya zo masa gaisuwa, don tsakanin Gobirawa da Katsinawa ba a rasa irin wannan tsokana. Hambali ya yi murmushi, karo na farko tun da ya hau mota. Ya faɗi abin da ke tafe da shi, amma bai taɓo maganar rumfa ba.

Shu'aibu ya ce, "Nan abu ukku muka biɗa da shi. Sunan wanda ya rubuta, sunan abin da ya rubuta, da shekarar da anka buga. Wanne ka sani?"

"Malam, mu dai Tsaya-haka muke ce mata. Tafintanta ya ce Bokalan."

Shu'aibu ya kai shi gaban wani kabad mai ƙananan aljihuna da yawa, kowanne cike da katuna a jere. Ya ce kowane littafi da ke ɗakin yana da katinsa, katin ne ke faɗin inda yake kwance. Ya jawo aljihun harafin B, ya bi katunan da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Babu Bokalan. Ya gwada Bukalan, ya gwada Bakalan. Ya ce ƙila ba littafi ta yi ba, ƙila rubutu ne a cikin mujalla, irin wadda masu bincike da yawa ke haɗuwa kowa ya sa nasa. Suka koma aljihun garuruwa. Ƙarƙashin Tasawa akwai maganar gyaɗa da ta sarauta da ta ƙidayar mutane. Gangara ko kati ɗaya ba ta da shi. Hambali ya ji wannan ya sosa masa rai, bai san dalili ba.

Ranar haka ta ƙare. Washegari Shu'aibu ya tare shi da tambaya tun daga ƙofa. "Baba, mi taka yi lokacin da anka ɗauke ta? Daka? Ɗiban ruwa?"

"Zanen ƙwarya."

"To da ka hwaɗi tun jiya."

Akwai aljihu na uku, na sana'o'i da kayan aiki. Ƙarƙashin ƙwarya katuna 'yan kaɗan ne. Shu'aibu ya zaro ɗaya ya karanta, ya yi dariya har ya cire tabarau. Sunan matar da wani baƙi yake farawa wanda Hausa ba ta da shi, bakinmu ke mayar da shi B, shi ya sa suka yini a aljihun da ba nata ba. Ga shi kuma ta yi aure, an liƙa mata sunan miji a gaba. Rubutu ne a wata mujallar Faransa ta 1963, a kan zanen ƙwarya a ƙasar Tasawa, da hotuna a ƙarshe.

Da aka je inda mujallar ya kamata ta kasance, gurbi ne kawai. Wani mai bincike ya ara ya tafi da ita gida. Sai aka shiga jira. Hambali yakan zo da safe ya zauna a inuwar ƙofa, yana gyara wa mai gadi takalmi don hannunsa ya sami abin yi, yana kallon gabas. Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Manomi ne, ya san abin da ake nufi da ruwan farko ya sauka mutum ba ya gida.

Ranar da aka dawo da ita Shu'aibu da kansa ya fito ya kira shi. Ya shimfiɗa mujallar bisa tebur ya buɗe can baya, inda takardar ta fi santsi. Ƙore, ƙore, ƙore, shafi bayan shafi, an jera su kamar a kasuwa. Sai ga wani hoto ya cika rabin shafi. Hambali ya ga rumbunsa. Ya ga turmin da ya tsage tun shekaru aka yi makamashi da shi. Gindin rumbun mata biyu ne zaune, kowace ta sunkuyar da kai bisa ƙwaryar da ke cinyarta, kallabi ya rufe goshi. Ta dama tana gaba, kusa da mai ɗauka, rana ta haske ta. Ta hagu tana ɗan baya, inuwar rumbu ta ci rabinta.

Ya ce, "Babu wanda take ita kaɗai?"

Shu'aibu ya bi shafukan har bango. Babu. Ya karanta masa abin da aka rubuta ƙarƙashin hoton: mata Hausawa suna zanen ƙwarya, ƙasar Tasawa. Ba suna, ba gari.

"Wacce ta, Baba?"

Hambali ya sunkuya har numfashinsa na taɓa takardar. Kai biyu a sunkuye, hannu huɗu. Ya ji kunyar a ce mutum ya ratso ƙasa guda neman matarsa, an ajiye masa ita a gaba ya kasa nunawa. Sai idonsa ya faɗa kan zanen da ta dama ke ɗaure da shi, saƙi mai ratsin fari biyu a baki. Wannan kam ya san shi. Shi ya saye shi a kasuwar Jibiya da hannunsa, shekarar da Fulani suka yi masa cinikin wasaki da yawa.

Ya ɗora yatsa ya ce, "Ga ta."

Shu'aibu ya bar shi da mujallar ya koma teburinsa. Hambali ya yini a gabanta. Ya kalli kunnen, ya kalli gefen kumatu, ya kalli yadda babban yatsa ya danne bakin ƙwarya, yana tarawa a ransa ɗaya bayan ɗaya don ya kai wa Larai. Wani abu a cikinsa yana cewa kamar kafaɗun sun fi faɗi, ya ce shekaru ne suka rage masa ita. Ya yi hawaye, ya goge da hannun riga kar ya ɗiga a littafin mutane. Ta hagun kuwa kallo ɗaya ya yi mata, ya ce a ransa Maijidda ce da tsohon zanenta.

Ba a fita da mujallar sai masu bincike. Akwai mai hoto na gidan da zai iya ɗaukar shafin ya wanke, amma ya bi wasu arewa, sai ƙarshen wata. Shu'aibu ya ce ya jira. Hambali ya dubi sama ta taga ya ce shuka ba ta jira. Sai Shu'aibu ya yi alkawarin zai aiko da shi ta hannun direbobin gyaɗa. Ya ɗauki sabon kati ya rubuta sunan matar, da sunan rubutun, da na mujallar, da shekara, da shafi, da lambar hoto, ya ba shi. Ya ce da wannan ko a Faransa aka je za a fito da shi. Sannan ya ɗauki katin gidan ya ƙara a ƙasa da kiriyo, wato fensir: hoto na tara, Gangara, ta dama Shatu, ta hagu Maijidda, daga bakin Hambali mai ɗinkin guga, mijin Shatu, 1968. Ya karanta masa. Ya ce duk wanda ya zo bayan haka ya yi rubutu a kan hoton, dole ya faɗi sunayen, ya kuma faɗi wanda ya ba da su. Hambali ya fito yana jin kamar ya biya wani abu.

Ya iso Gangara ya tarar ƙasa a bushe. Ruwan bai sauka ba sai da wata ya mutu wani ya kusa rabawa, da ya jira mai hoton da ya dawo da lokaci a hannu. Ya faɗa wa Balkisu gaskiyar inda ya je, ta ce ai ta sani, mai sayen fata ba ya tafiya da rigar sallah. Ya kira Larai ya zaunar da ita ya kwatanta mata kunne da kumatu da yatsa. Yarinyar ta saurara tana shafa nata kunnen. Sannan ya ce su je su gaya wa Maijidda an rubuta sunanta a Yamai.

Maijidda na sussukar gero a tsakar gida. Ta ji labarin tana ta salati, tana cewa ashe ana nan ana ajiye da su. Hambali daga bakin zana yake magana. Ya ce, "Da zanen na gane ta. Saƙin nan mai ratsi biyu da na sayo mata Jibiya."

Maijidda ta tsayar da taɓarya. Ta ce, "Mai ratsi biyu? Ai ni na ɗaura shi ran nan."

Larai ta juyo ta dubi ubanta.

Ta ce, "Nawa ya yage a gwiwa, ga shi anasarar ta ce ni zan zauna gaba don hasken ya fi faɗo mini. Na ce ni kam ba a ɗaukata da tsumma a kai ƙasar wasu. Shatu ta ja ni ɗaki ta kwance nata ta ba ni, ta ɗaura nawa, ta ce ita za ta koma inuwa ba mai ganin yagar." Ta juya wajen Larai. "Haka uwarki take, ɗiyata. Ko wuta ce a hannunta in kika ce kina jin sanyi sai ta miƙo."

Larai ta matsa kusa da ita tana tambaya, Maijidda ta ajiye taɓarya ta zauna, hira ta ɓarke tsakaninsu. Hambali ya juya ya koma rumfa. A hanya ya yi ƙoƙarin tuno ta hagun, ba abin da ya zo sai inuwar rumbu da wani abu kamar gwiwar hannu.

Hoton da aka yi alkawari bai zo ba. Daga baya aka ji an tura Shu'aibu karatu waje. Hambali ya yi niyyar komawa da rani, ranin ya zo da ciwon Balkisu. Na gaba ya zo da ƙarancin hatsi. Daga nan shekarun fari suka jero, Fulani suka rasa shanun da za su shayar, waɗanda suka rage suka koma gugan robar taya, rumfar ta zama wurin zama kawai. Duk wanda ya ji zai tafi Yamai, soja ne ko ɗan kasuwa ko ɗan lakol, sai ya bi shi har bakin mota ya nuna masa katin, ya ce don Allah ya shiga gidan ya ce a juya sunayen, Shatu ce ta hagu, kuma shi Hambali ne ya yi kuskuren ba mai rubutun ba. Kowa sai ya ce to. Wasu sun manta, wasu ba su gane gidan ba, wani ya dawo ya ce an gyara, amma da aka tambaye shi kamannin ɗakin sai ya kama kame-kame.

Taurin kan ya sake shi a shekarun ƙarshe. Yara kan yi masa gardama a kan abin da ya fi su sani ya ce ƙila ku ne da gaskiya. Ya rasu a Gangara shekara guda bayan babban fari, da kaka, Balkisu da Larai na kansa.

Larai ta zama ungozoma a asibitin Agye. Da aka tura su horo Yamai ta tafi da katin a cikin jakarta, ya yi laushi kamar ƙyalle don yawan riƙo. Wata mata ce ke bayan teburin. Ta karanta, ta shiga ciki, ba a jima ba ta fito da mujallar. Larai ta zauna ta kalli ta hagun iya lokacin da aka bar ta. Gefen fuska ne kawai cikin inuwa, da wuya dogo, da zane mai yaga a gwiwa wadda aka so a ɓoye ba ta ɓoyu ba. Da za ta tashi ta roƙi a fito da katin gidan, ta yi bayani. Matar ta ɗauki abin gogewa ta share kalma biyu, ta sake rubuta su a juye, ta tambayi sunanta da garinsu ta ƙara a ƙasa, ta mayar da katin aljihu ta tura shi ya rufe.